Duwatsun Da Ke Girma Daga Ciki

A gaɓar tekun Koekohe, can Tsibirin Kudu na ƙasar Niyu Zilan, akwai wasu duwatsu zube a kan yashi kamar an kikkife manyan randuna. Mulmulallu ne sumul. Ƙananan cikinsu sun kai rabin mita a faɗi, manyan sun haura mita 2, kowanne da nauyin tan da yawa. Duwatsun Moeraki ake ce musu. Mutanen Mawori, waɗanda suka riga kowa zama a wurin, suna da labarinsu a kai: wai wani babban kwalekwale mai suna Araiteuru ne ya kife kusa da gaɓar, ƙoren da ke cikinsa da kwandunan kamun kifi da dankali suka zube, igiyar ruwa ta turo su baki suka zama duwatsu. Wanda ya ga hoton wurin ba zai yi wa labarin dariya ba. Ido idan ya ga abu ya zagaye daidai, nan take zuciya ke cewa wani ne ya mulmula shi ya ajiye a nan.

Mu da muke cin abinci da rubuta manhajar kwamfuta, wannan zaton ya fi kama mu, don mun san abin da da'ira ke ci. Fuskar wayar da ke hannunka, mai karatu, ba ta san lanƙwasa ba. Ɗigo-ɗigo ne masu kusurwa huɗu a jere kamar gidajen dara. Idan muna son da'ira ta fito, dole mu gaya wa kwamfuta abu biyu: ina tsakiya, kuma nisa nawa ne daga tsakiya zuwa baki. Sai ta riƙa bin ɗigon tana awo, wanda ya faɗo cikin nisan ta shafa masa launi, wanda ya fita ta bar shi. Haka aka koya mana tun muna jami'a, har ya zauna mana a kai cewa duk inda ka ga da'ira, akwai wanda ya riga ya san girmanta kafin a fara zane. To, lakar ƙasan teku ba ta da tsinken awo. Yaya aka yi ta fitar da ƙwallon da ya fi tsayin mutum?

Amsar da ke fara zuwa ita ce ta tsakuwar rafi. Kowa ya san dutse idan ruwa ya daɗe yana gangara da shi, kusurwoyinsa kan goge ya yi sulɓi. Sai dai wannan ragewa ce: babban dutse mai kaifi ke cinyewa ya koma ƙarami. Duwatsun Moeraki ba su bi ta wannan hanyar ba. A bayan gaɓar akwai gangaren daskararriyar laka da teku ke zaizayewa, kuma ana ganin wasu duwatsun rabi a waje rabi a ciki, sun riga sun zagaye tun igiyar ruwa ba ta taɓa su ba. Aikin teku kawai tonowa ne. A cikin lakar suka samu, daga ƙarami suka girma zuwa babba, suna zaune wuri ɗaya ba su motsa ba. Masana duwatsu suna da suna na musamman ga irinsu. Mu a nan za mu ce musu dunƙulen dutse.

Lakar da ta haifi na Moeraki ta kwanta a ƙasan teku kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce. Irin wannan laka, lokacin da take sabuwa, fiye da rabinta ruwa ne. Ƙwayoyin ƙasa suna jingine da juna sakwa-sakwa, ruwan teku ya cike tsakaninsu, kuma kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da kusan miligiram 400 na sinadarin kalsiyam. Wata lakar na sauka a kan wata, hawa bisa hawa, nauyin ta sama yana matse ta ƙasa har ta zama dutse. Sau da yawa dutsen da ka ga yana da layi-layi a gefen hanyar da aka yanka cikin tudu, irin wannan tarihin ne da shi.

Yanzu a ce wata halitta ta mutu, kifi ne ko dodon koɗi, laka ta rufe gawar kafin 'yan'uwanta su cinye ta. Ƙwayoyin bakteriya su kama aikinsu. Iskar oksijin takan ƙare da wuri a cikin laka, sai wasu bakteriyar da ba su damu da ita ba su karɓa. Naman yana ruɓewa, sinadarin kabon da ke cikinsa yana narkewa yana fita cikin ruwan da ke kewaye. Daga waje kuma kalsiyam yana shigowa. Inda biyun suka haɗu da yawan da ruwa ba zai iya riƙewa ba, sai su daskare su zama kalsayit, ma'adinin nan da ke cikin farar ƙasa da ɓawon ƙwai. Kalsayit ɗin yana cike ramukan da ke tsakanin ƙwayoyin laka, ya manne su kamar yadda siminti ke manne yashi. Lakar da ke nesa tana nan da laushinta, wadda ke kusa da gawar ta zama dutse.

Zagayen kuma daga yadda narkakken abu ke bazuwa ya fito. Ɗiga manja a kan farar takarda ka tsaya ka kalla. Ba wanda ya gaya masa inda zai tsaya, amma tabon da zai bari da'ira ne, saboda takardar iri ɗaya ce ta kowace fuska, man bai ga dalilin fifita gabas a kan yamma ba. A cikin laka mai laushi haka kabon ke fita daga gawar, sama da ƙasa da kowane gefe, da sauri iri ɗaya. Bakin da ake daskarewar yana ta matsawa waje a hankali. Ranar da kabon ɗin gawar ya ƙare, girma ya tsaya cik. Shi ya sa bakin dunƙulen yake da iyaka tsaf, shi ya sa kuma ƙaramar halitta kan bar ƙaramin ƙwallo, babba ta bar babba. Nisan da mu sai mun rubuta wa kwamfuta da hannu, a nan yawan naman mataccen ne ya yanke shi.

Akwai shaidar da ke nuna cewa tun laka na ɗanya aka yi wannan aiki. Idan ka dubi dunƙule a mazauninsa cikin gangare, za ka ga layukan lakar sun lanƙwasa sun bi ta kansa da ƙarƙashinsa, kamar bargon da aka shimfiɗa a kan tulu. Wato ya riga ya yi tauri kafin nauyin sama ya matse sauran. A gaɓar Witbi da ke Ingila, masu tsintar duwatsu kan fasa irin waɗannan ƙwallaye su tarar da naɗaɗɗen koɗin wata halittar teku mai shekara kusan miliyan 180 yana nan da cikakkiyar siffarsa. Ɗan'uwansa da ya faɗa cikin lakar da ba ta dunƙule ba kuwa ya baje ya zama kamar zane a kan takarda.

Karatu daban, gani da ido daban. Wata Asabar da aiki ya yi sauƙi, mu uku da muke haya ofis ɗaya muka ce bari mu gwada a kwamfuta. Muka shimfiɗa fili mai gida 500 a tsaye, 500 a kwance. Kowane gida muka zuba masa kalsiyam daidai da na maƙwabcinsa. Gida ɗaya a tsakiya muka ba shi tarin kabon, shi ne gawar. Ƙa'ida biyu kacal muka rubuta. Ta farko, a kowane zagaye kowane gida ya miƙa wa maƙwabtansa huɗu ɗan kaso na abin da ke hannunsa. Ta biyu, duk gidan da kabon da kalsiyam suka taru a cikinsa suka haura wani mizani, a shafa masa baƙi, ya zama dutse. Layi arba'in da 'yan kai ne a harshen Python, kuma babu inda kalmar da'ira ko lissafinta ya fito a ciki.

Da farko abin da ya bayyana ɗan tabo ne mai kusurwa huɗu. Bayan zagaye ɗaruruwa kusurwoyin suka narke. Kafin shayin da muka aika a sayo ya iso, ga baƙar da'ira zaune a tsakiyar allo, ta kuma daina girma da kanta. Babu gida ɗaya cikin gidaje 250,000 da ya san siffar da ake ginawa. Kowanne maƙwabtansa huɗu kawai ya sani. Mun yi shiru na ɗan lokaci, irin shirun da mukan yi idan manhaja ta yi abin da ya fi abin da muka rubuta.

Daga nan wasa ya yi daɗi. Muka sa bazuwa ta fi sauƙi a kwance fiye da a tsaye, kamar yadda take a lakar da ta fara matsuwa ta yi hawa-hawa. Da'irar ta baje ta koma kamar waina, kuma haka dunƙule da yawa suke a cikin dutsen laka, shafaffu. Muka sa ruwa yana tafiya a hankali daga hagu zuwa dama, sai ta miƙe kamar rogo, ta bi inda ruwan ya nufa. A jihar Niyu Meziko ta Amurka akwai irin waɗannan dogaye, masana suna auna inda suka fuskanta don gane hanyar da ruwan ƙarƙashin ƙasa ya bi a zamanin da. Muka dasa gawa biyu kusa da juna, suka girma suka manne kamar kwanson gyaɗa. Kowane canji a yanayin lakar sai ya fito a jikin siffar.

A sana'armu akwai abin da muke kira fayil ɗin log, wato kundin da manhaja ke rubuta duk abin da ya same ta, daƙiƙa bayan daƙiƙa. Idan manhajar biyan kuɗi ta tsaya da tsakar dare, mutane suna ta kira kuɗinsu ya maƙale, ba ma fara da zato. Log muke buɗewa, don shi kaɗai ne ya halarci abin. Ranar nan muka gane cewa dunƙulen dutse log ne. Zagayensa yana faɗin laushin lakar, bajewarsa tana faɗin matsin da ta sha, miƙewarsa tana nuna hanyar ruwa, abin da ke tsakiyarsa kuma yana faɗin wanda ya mutu a wurin.

Tambayar da ta daɗe tana raba masana ita ce tsawon lokacin da aikin ke ci. Wani lissafi da aka yi a 1985 ya ba manyan duwatsun Moeraki kimanin shekara miliyan 4 na girma, kuma an daɗe ana ɗaukar dunƙule a matsayin aikin haƙuri mai tsawo. A 2015 Hidekazu Yoshida na Jami'ar Nagoya da abokan aikinsa suka binciki wasu ƙananan dunƙule a Japan da suka samu a jikin wani koɗi mai kama da hauren giwa. Abin da ya ja hankalinsu shi ne ƙwallon bai lulluɓe koɗin duka ba. A bakinsa ya taru, daidai inda ruɓaɓɓen naman ke fita. Da suka auna nau'in kabon ɗin da ke cikin ƙwallon, ya dace da na naman halitta, ya saɓa da na ɓawon koɗin. Da suka auna faɗin siririn bakin da daskarewar ta tsaya a kai, lissafi ya ba su makonni zuwa watanni. A 2018 suka faɗaɗa binciken zuwa wasu ƙasashe, suka ce irin wannan dunƙule na iya girma aƙalla sau dubu fiye da saurin da aka zata.

Wannan ba gardamar masana ce kawai ba. Idan laka na iya toshe ramukanta da kalsayit cikin watanni, to ana iya kwaikwayon ta. Ƙungiyar Yoshida ta haɗa wani sinadari da ake ɗurawa cikin tsagar dutse don ya haifar da irin wannan daskarewa, suka gwada shi a ɗakin binciken Horonobe da ke tsibirin Hokkaido, mita 350 a ƙarƙashin ƙasa. Ana cikin gwajin aka yi girgizar ƙasa, tsagar ta buɗe, sannan ta sake toshewa da kanta. Masu neman inda za su binne sharar nukiliya na shekaru dubbai suna bin wannan aiki sau da ƙafa.

Saurin kuma shi ke bayyana abin da ya fi ba mu mamaki a duk lamarin, wato adanawa. Ƙashi da haƙori da ɓawo kan daɗe. Nama, ido, hanji, ganye, waɗannan kwana kaɗan ne sun tafi. Amma a yankin Mazon Creek na jihar Ilinoy a Amurka, akwai dunƙule masu shekara kusan miliyan 309 da idan aka buɗe su ake ganin tsutsa da ganye da ƙwari da kifi, har da sassan jikinsu masu laushi. Simintin can na ƙarfe ne da kabon. Ruɓewar da za ta shafe halittar ita ce ta fitar da abin da ya gina mata akwati, akwatin kuma ya rufe kafin ruɓewar ta gama. Mu da manhajar da muka rubuta shekara goma baya take ƙin buɗewa a wayar yau, wannan adadi yana sa mu sunkuyar da kai.

Masu haƙar gawayi ne suka tono waɗannan duwatsu, suka tara su gefe a matsayin shara. Mutanen gari suka riƙa tsinta, su jiƙa su a ruwa su bar su sanyin hunturu ya daskarar ya narkar, har su tsage da kansu ta inda halittar take. Cikin masu tsintar akwai Francis Tully, mai aikin haɗa bututu, wanda a shekarun 1950 ya buɗe wani dunƙule ya ga halitta mai dogon baki da idanu a kan sanda biyu. Ya kai ta gidan tarihi na Field da ke Shikago, masanan can suka rasa gurbin da za su sa ta. A 1966 aka raɗa mata suna da sunansa, a 1989 jihar ta ɗauke ta a matsayin alamarta. Ba digiri ne ya ba shi wannan ba. Ya kai abin inda za a iya karanta shi, ya kuma san ramin da ya fito.

Ba kowane zagayayyen abu a cikin dutse ne ya samu a zaune ba. Akwai wasu ƙananan ƙwayoyi, ba su wuce ƙwayar gero ba, da ke samuwa a ruwa marar zurfi mai yawan motsi. Ƙwayar yashi ko ɓarɓashin koɗi ce igiyar ruwa ke juyawa, ma'adini yana manne mata riga bisa riga, kamar yadda ake mirgina curin fura cikin gari. Idan suka taru suka manne, dutsen kan yi kama da ƙwan kifi, sunansa a wurin masana ma daga kalmar ƙwai ta Girkanci ya fito. Har yau suna samuwa a tsibiran Bahamas. Tamar da ke kan tudun Agbaja kusa da Lakwaja irin wannan ce, ƙwaya-ƙwaya, tana nuna cewa wurin ya taɓa zama bakin ruwa.

Akwai kuma waɗanda suka samu bayan dutsen ya tsufa. A kudancin jihar Yuta ta Amurka akwai jan dutsen yashi da ya kasance hamada mai tuddai kimanin shekara miliyan 190 da suka wuce. Jan launinsa tsatsar ƙarfe ce da ta lulluɓe kowace ƙwayar yashi. Daga baya wani ruwa ya ratsa ta cikin dutsen, ya wanke tsatsar ya bar shi fari fat, ya tafi da ƙarfen a narke. Inda yanayin ruwan ya canza, ƙarfen ya sake daskarewa ya zama baƙaƙen ƙwallaye masu ɓawon ƙarfe da cikin yashi, daga girman wake zuwa girman lemo. Da dutsen ya zaizaye sai suka zubo suka taru a kwari kamar an watsa goro.

Waɗannan ne suka zama abin kwatance a watan Janairun 2004, lokacin da motar bincike mai suna Opportunity ta hukumar NASA ta sauka a wani ɗan rami a duniyar Mars. Hotunan da ta fara aikowa sun nuna ƙasa cike da 'yan ƙwallaye da ba su kai ƙwayar wake ba. Me ya yi su? Dutse mai aman wuta na iya feso narkakken dutse ya daskare a iska ya faɗo a dunƙule. Faɗowar babban dutse daga sama ma na iya yin haka. Amma abin da ya zubo daga sama a lokaci ɗaya yakan kwanta a layi ɗaya. Waɗannan kuwa a warwatse suke cikin jikin dutsen, sama da ƙasa, da tazara tsakaninsu, wasu a manne bibbiyu ko uku-uku kamar kwanson gyaɗar nan da muka gani a allonmu. Tazarar ma tana da dalili: kowane ƙwallo yana zuƙe ƙarfen da ke kewayensa, wani ba ya samun abin girma sai ya ɗan yi nisa, kamar masu shayi a bakin titi. Da motar ta auna su, ta tarar ma'adinin ƙarfe ne. A watan Maris na shekarar, NASA ta sanar cewa ruwa ya taɓa jiƙe duwatsun wurin sharkaf.

A lura da abin da ya yanke hukuncin. Da an ɗebo ƙwallayen an zuba a kwalba an miƙa wa masana, da rabin hujjar ta zube a hanya. Zamansu a cikin dutsen ne ya yi magana. Mu ma haka muka sani a wurin aiki: layin log da aka yanko babu lokaci a jikinsa, babu sunan na'urar da ta rubuta shi, tamkar wasiƙa ce ba kwanan wata ba sa hannu. Shi ya sa aka hana ɗibar ƙwallayen Yuta a cikin yankin da gwamnati ta keɓe. Shi ya sa kuma bidiyon da ke yawo a WhatsApp, na wani riƙe da mulmulallen dutse yana cewa ƙwan dainoso ne ko dutsen da ya faɗo daga sama, ba ya ƙara wa kowa sani. Ba a nuna inda aka tono shi ba, ba a nuna abin da ke samansa da ƙasansa ba. Abin da ya rage kawai zagayen, shi kuma zagaye kowa na iya rataya masa labarin da ya ga dama, har da mai neman kuɗin wanda bai sani ba.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye, don muna zaune a kan irin wannan kundi. A zamanin da lakar Moeraki ke kwantawa, wani hannun teku ya ratso ta inda Sahara take yau, ya rufe yankin Sakkwato da Tawa har zuwa Mali. Ya zo ya koma fiye da sau ɗaya. Lakar da ya bari a wajen Dange tana ɗauke da dunƙulallun duwatsun fosfat, sinadarin da ake takin zamani da shi, tare da haƙoran kifi da ƙasusuwan halittun ruwa. A yankin Tawa ma akwai irinsu. Farar ƙasar Kalambaina da ake siminti da ita ragowar koɗin halittun wannan teku ce. Wata babbar dabbar ruwa da aka tono ƙasusuwanta a yankin, masana sun sa mata suna Goronyosaurus, daga garin Goronyo. Wani kadan teku kuma Sokotosuchus. Sunayen garuruwanmu suna cikin littattafan duniya a kan halittun da yawancinmu ba mu taɓa jin labarinsu ba.

Kullum ana tona wannan ƙasa, kuma dole a tona. Ana haƙa rijiya, ana yanka hanya, ana ɗibar ƙasar gini, ana fasa dutse. Kowane rami shafi ne da ke buɗewa na 'yan kwanaki kafin tifa ta kwashe ko damina ta cike shi. A Mazon Creek, da aka rufe ramukan gawayi, ciyawa ta rufe tarin sharar, tsinta ta yi wuya. Abin da aka sani yau yawanci abin da mutanen wancan lokaci suka tsince suka rubuta inda suka same shi ne. Masanan duwatsu da ke jami'o'inmu ba za su iya tsayawa a bakin kowane rami ba. Mai haƙar rijiya da direban tifa da yaron da ke kiwo su ne ke wurin, kuma da yawansu akwai waya a aljihu.

Abin da ake bukata bai fi minti biyu ba. Idan ka ci karo da mulmulallen dutse a jikin gangare ko bangon rami, kafin ka ciro shi ka ɗauki hotonsa yana mazauninsa. Ka ajiye biro ko murfin kwalba a gefensa don a gane girma. Ka ja baya ka ɗauki bangon duka, a ga layukan da ke sama da ƙasa. Ka kunna alamar wuri a kyamarar, don hoton ya riƙe inda aka ɗauke shi, idan kuma za ka tura wa wani ka tura shi a matsayin fayil, saboda manhajojin hira kan goge wannan bayani daga hoton da aka tura kai tsaye. Ka rubuta sunan ƙauyen da zurfin ramin. Sashen nazarin duwatsu na jami'a mafi kusa da kai zai iya yin aiki da wannan. Daga nan, in kana so, ka ɗauki dutsen ka kai gida.